Ranar da Na Kira Ɗan Farina da Sunansa

A zamaninmu uba ba ya kama sunan ɗansa na fari. Ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yabonsa, in ma an yabe shi sai ya kau da kai kamar ba da shi ake ba. Yanzu kuwa ina ganin samarin Daura suna saɓa ɗan fari a kafaɗa har bakin masallaci, suna kiran sunansa tun daga wancan lungu. Da can nakan girgiza kai. Na daina, saboda wata Asabar da ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina.

Na yi karatun likitan dabbobi a Rasha, na yi aiki a Nijar da Sudan, daga baya abinci ya kai ni Finland, inda muka daɗe da iyalina. Na ga yadda Rashawa ke lanƙwasa sunan ɗa gida biyar don shagwaɓa, na ga ƙasar da yaro ke kiran ubansa da sunan yanka ba a ce masa komai ba. Duk wannan bai taɓa al'adata ba. Ɗan farina dai “yaron nan” ne a bakina. Uwarsa, Hajiya, 'yar Mai'adua ce, ta fi ni tsanani. Ko ɗan maƙwabta mai irin sunansa, “mai sunan wancan” take ce masa.

A can Finland yaron ya tashi, a can ya shiga wasan hoki na kan ƙanƙara. Ana yin sa da takalma masu kaifi a ƙasa da sanda mai lanƙwasa. Abin da ake bugawa wata baƙar roba ce, faɗinta bai wuce na waina ba, amma taurinta na dutse ne. Shi ɗan baya ne. Aikinsa ya tare abokan hamayya, in kuma sun ɗirko robar nan wajen raga, ya sa jikinsa a gabanta. Da wannan ya ci abinci shekara da shekaru, daga ƙaramar ƙungiya zuwa babba. Haƙoran gabansa biyu a nan suka tafi. Da muka dawo gida bayan na ajiye aiki, shi ya zauna can ya auri 'yar ƙasar.

Ban taɓa zuwa filin wasansa ba. Amma a Daura nakan kunna kwamfuta a zaure in ce saboda abokina nake kunnawa. Abokin nan dillalin shanu ne, tare muka yi makarantar allo, kuma shi al'ada ba ta ɗaure masa baki ba. Shi ke kiran sunan yaron da ƙarfi, shi ke tafi.

Ranar Asabar ɗin, bayan La'asar, muna zaune yana cin gyaɗa, ya ce, “Likita, ɗan nan naka wauta gare shi. Kowa na kauce wa jifa, shi yana tarbarta. Gado ne?”

Na ce, “Na wajen uwa ne.”

Bai gama dariya ba aka ɗirko robar. Yaron ya zube gwiwa ɗaya don ya tare, kamar yadda ya saba. Sai dai wannan karon ta tashi sama, ta same shi a gefen kai, ƙasan hular kwanonsa. Ya kife. Na sha ganin ya faɗi ya miƙe yana tofar da jini. Wannan faɗuwar daban ce. Hannunsa ya saki sandar, ƙafarsa ɗaya ta yi ta zamewa a hankali ita kaɗai.

Mai sharhin wasan ya yi shiru. Na san mutanen ƙasar nan, ba su da yawan magana, amma shirun dubban mutane a fili ɗaya wani abu ne. Aka shigo da gadon ɗaukar marasa lafiya, aka ɗaure masa wuya, aka fita da shi. Sai suka sa tallar mota.

Abokina ya ajiye gyaɗar. “Kira matarsa.”

Na kira, ba ta ɗauka ba. Na sake kira. Ina zaune na harɗe ƙafa, fuskata kamar ta mai jiran a kawo shayi, kamar yadda aka koya mini zama. Amma ban daina danna lambar ba. Likita ne ni, ko da na dabbobi ne. Na san abin da ke kwance a bayan ƙashin nan na gefen kai, na san yadda jini ke taruwa a ciki mutum yana numfashi lafiya lau. Ilimin da na yi alfahari da shi a ƙasashe huɗu, ranar na so a ce ban da shi.

Hajiya ta leƙo daga cikin gida, ta ga babu tafi. Ba ta tambayi abin da ya faru ba. Ta ce, “Wancan ne?” Na ɗaga kai. Ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da labule, ba ta shigo ba, ba ta koma ba.

Muka yi Magariba. Ban san surar da liman ya karanta ba.

Muna dawowa waya ta yi ƙara. Surukata ce, tana magana da harshensu da sauri har sai da na ce ta sassauta. Ta ce ya buɗe ido, amma ba ya amsa mata, ba ya amsa wa likita. Yana ta maganganu da wani harshe, tana jin kamar Hausa ce. Likitan yana son ya sani, magana ce mai ma'ana ko ruɗewar ƙwaƙwalwa ce, don abin da za su yi masa ya danganta da hakan. Duk asibitin babu mai jin Hausa. Ta ce, “Baba, zan kara masa wayar a kunne. Ka kira sunansa.”

Na ji numfashinsa, da wani gunaguni kamar na mai barci.

Na ce, “Kai, yaro.”

Na sake gwadawa.

“Yaron nan, kana jina?”

Gunagunin ya ci gaba. Surukata ta karɓa tana kuka, ta ce, “Sunansa, Baba. Me ya sa ba za ka faɗi sunansa ba?” Ina jin harsuna shida, amma babu ko ɗaya da zan iya yi mata bayani da shi a wannan lokacin.

Abokina ya dafa gwiwata. “Likita, kunya da rai ake yin ta. Ni ba muryata ya sani ba. Kira ɗanka.”

Na dubi Hajiya. Ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, “Alhaji, kira shi mana.”

Ni na raɗa masa sunan nan a kunne ranar da aka haife shi. Tun daga ranar bai sake bi ta bakina ba. Da na buɗe baki sai na ji shi da nauyi, kamar kalmar baƙon harshe da na koya a littafi ban taɓa furtawa ba. Na faɗa. Murya ta ƙi fita sosai. Na sake faɗa da ƙarfi, har zauren ya amsa.

Gunagunin ya tsaya. Can sai na ji, “Na'am.” Sai ya ƙara da cewa, “Baba? Kai ne ka kira ni?” Sai muryarsa ta canza, tsoro ya shige ta. “Baba, wa ya rasu? Hajiya ce?”

Abokina ya fashe da dariya yana share hawaye da hannun riga. Hajiya ta saki labule ta zauna a ƙasa. Aka ba likitan wayar, na ce masa da harshensu hankalin yaron nan garau yake. Ya tambaye ni yadda na tabbatar. Na ce ya gane muryata, ya kuma gane cewa abin da na yi ba lafiya ba. Likitan bai fahimta ba, amma ya yarda.

Ƙashin ya tsage, Allah ya taƙaita, jinin bai yi yawa ba. Bai sake buga wasa ba. Yanzu yara yake koya wa tsaron baya, kuma ya ce abu na farko da yake koya musu shi ne yadda ake kau da kai in za a tare jifa.

Ban zargi iyayenmu ba. Kunyar ɗan fari ƙauna ce da aka rufe da faifai don kada ta sha iska. Amma na koyi cewa bai kamata ɗa ya kai shekara talatin da wani abu, jin sunansa a bakin ubansa ya zame masa alamar mutuwa ba. Hajiya har yau “wancan” take cewa, sai dai in na kira shi a waya takan matso kusa ta ji. Ni kuwa tun daga ranar da sunansa nake kiransa, a waya da gaban mutane, kuma ya daina tambayata wa ya rasu.