Akwatin wifi a zaure

Ni ne na yi laifi, kuma na sani tun ranar da na kafa akwatin.

Wata guda bayan rasuwar yayana na sayo shi daga Maradi. A gidanmu na Cadawa rezo ba ya kama waya sai an hau tudu, shi kuwa akwatin yana da eriya mai jawo shi. Na sa masa pus, wato layin waya, na haɗa shi da batirin panno mai aiki da hasken rana, na shiga saitinsa ta wayata, na canza sunan rezon, na sa kod. Sannan na zaga gida ina kallon sandunan da ke saman waya. A zaure huɗu. Gindin dogonyaro, inda maza ke zaman majalisa, uku. Wajen rumbu ɗaya. A ɗakin matar yayana babu ko ɗaya, katangar ƙasa biyu ta tare. Na gani, na mayar da waya aljihu.

Tana takaba a lokacin, ko zaure ba ta leƙawa. Mahaifiyarta tana kwance ba lafiya a Gangara, kuma ƙannenta a can suna da wayar da ake ganin juna. Wata safiya ta kira ni daga bayan labule.

"Maigida ƙarami, abin nan naka ba ya shigowa ciki ne? So nake in ga fuskar Inna."

"Yaya, ai shi ma namiji ne, zaure yake kwana."

Ta ɗan yi dariya don ladabi. "To a ɗaura masa zane ya shigo mana."

Na ce mata ba a matsar da shi, in an taɓa saitin zai lalace. Ƙarya ce. Igiyar wuta kawai ake buƙata da ƙusa a jikin rumfar tsakar gida, kuma igiyar tana cikin jakata. Amma da na matsar, gindin dogonyaro zai rasa rezo. A nan ake kirana injiniya, ni da na tsaya a aji shida na lakol. Dattawan da ba su taɓa tambayata komai ba suna miƙo mini waya da hannu biyu in sa musu kod.

Sai ta koma ba ni wayarta. In kai zaure, saƙonnin murya su sauka, in mayar mata. Haka muka yi mako uku. Ban taɓa sauraron ko ɗaya ba, ban kuma tambaye ta jikin tsohuwar ba.

Ran wata Laraba bayan la'asar na kai wayar zaure, kira ya shigo tana hannuna. Ƙanenta ne. Ya ce tun hantsi suke nema, Inna ta yi ta kiran sunanta, da azahar ta cika. Na ce Allah ya jiƙanta. Ban ji komai a raina ba. Na tsaya ina kallon fitilar akwatin, kore, tana ƙiftawa.

Na mayar mata da wayar, na gaya mata. Ba ta je jana'iza ba. Washegari na matsar da akwatin, aikin bai kai tsawon shan shayi ba. Ba ta kunna wayar ba.

Sai da ta fita takaba na same ta tana sussukar gero. Na durƙusa nesa kaɗan.

"Yaya, ana iya matsar da shi tun ranar farko. Igiyar tana jakata. Don a yabe ni a ƙofar gida na hana ki ganin Inna. Ki yafe mini."