Yusha'u Mai Jirgi, Ba Sakacinka Ba Ne

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 15 ga Agusta, 1974, kogin Mariga ya ci abokina Yusha'u, mai kwale-kwalen inji da ke tsallakar da mutane zuwa kasuwar Birnin Gwari. Ba a gama share makoki ba na fara jin ana cewa sakacinsa ne. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, raina a ɓace.

Yusha'u, kai da sakaci? Injin nan naka irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai ne, kullum kunkunniya na taruwa a ƙofar da hayaƙi ke fita. Kowace safiyar kasuwa sai ka kwance salansa, wato bututun hayaƙin, ka kankare ƙofar tas kafin ka ɗauki ko akuya. Muna tsokanarka wai ka fi kula da shi a kan cikinka, kai kuwa ka ce, "Inji kamar mutum ne, in ka toshe masa hanci ina zai kai ka?" Da injin niƙan Naomi ta Tabanni ya shaƙe ana tsakiyar bikin ɗanta, a ƙafa ka je ka buɗe mata shi, ka dawo ko ruwa ba ka tsaya sha ba.

Ina gaɓa ranar, idona ya gani. Ka kwance salansa ke nan sai ga surukinka, Malam Bature, da buhunan masara. Bai dube ka ba, yadda surukai ke yi. Kogi ya kalla ya ce, "Ashe yau masarata a gaɓa za ta ci kasuwa." Duk wanda ke wurin ya san aikin bai ƙare ba, amma sai gunaguni ya tashi: wane ɗan mutunci ne zai shanya uban matarsa a rana? Ka sunkuyar da kai ka ce, "To, Baba." Ka mayar da salansa yadda take, ba ka kankare ƙofar ba.

A tsakiyar ruwa injin ya shaƙe ya mutu. Ka faɗa kogi da igiya, ka ɗaure jirgin a jikin wata bishiya, kowa ya fita da ransa. Kai kaɗai ruwa ya tafi da kai, sai washegari aka tsince ka.

Yau bakunan da suka yi gunagunin nan su ne ke cewa ba ka duba injinka ba. Ko kunyar Allah ba sa ji. Laifi tudu ne, sun taka nasu suna hangen na wanda ba zai iya buɗe baki ba. Ni dai na kasa yafe musu tukuna.

Allah ya jiƙanka, ya karɓi shahadarka, ya yalwata kabarinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka da 'yan'uwanka. Ke kuwa Huraira 'yar Malam Bature, Allah ya ba ki haƙurin da ya fi namu. Kina takaba, mahaifinki na shigowa yi miki gaisuwar mijinki, kuma dole ki durƙusa ki amsa.

Abdulsalam Kuyello