Zoben da Gumar ya bar mini

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Gumar maƙeri makwancinsa, kuma har kwanan nan bai bar ni na sha shayin Asabar cikin kwanciyar hankali ba. Allah ya jiƙansa. Da ransa ma bai taɓa barin mutum ya huta ba, ban san abin da ya sa na zaci ƙasa za ta gyara masa hali ba.

Ga wanda bai san shi ba, Buzu ne, maƙerin azurfa a unguwar Dagmanet ta Agadas. Ni ne tafintansa, don na yi aji uku a lakwal, makarantar boko ta Faransanci, kafin malaminmu ya gaji da ni. Yana kirana Mushe Direktar, wato Malam Shugaba a bakin Faransawa, ina kiransa Sarkin Toka. Shekara talatin muna zagin juna a kan tabarma ɗaya.

Yaran yanzu ba sa yarda in na ce musu an yi zamanin da jirgi ke tasowa daga Faransa ya sauka Agadas kai tsaye, duk Asabar ta lokacin sanyi, cike da turis, ƴan yawon buɗe ido masu jan hanci. Jirgi ɗaya ne, amma tukwanen da yake ɗora wa wuta Allah kaɗai ya san yawansu. Direban da zai kai baƙi hamadar Tenere ya ci, mai raƙumi ya ci, baduku ya ci, mai lambun Tabelot da albasarsa ke ƙarewa a tukunyar otel shi ma ya ci. Har ni da ba na sayar da komai sai baki na yi kitse a wuya. Gumar kuwa yakan ji jirgin kafin kowa. Yana cikin ƙira sai ya ajiye guduma ya ce, "Tashi, Mushe, ga abincinka nan tafe." Sama wayam, ba ko tsuntsu. Kafin mu isa shingen filin jirgi sai mu ji rugugi.

Wata Asabar, ranar komawar baƙi, wata dattijuwar Banasariya ta shigo maƙerar da zoben zinariya ɗaure a zare a wuyanta. Na mijinta ne, ya rasu. Tana so a rage shi ya zauna a yatsanta. Mutanen Gumar ba su son taɓa zinariya, sun ce ba ta da albarka, ya so ya ƙi. Da ya ga idonta ya cika, sai ya murza kakin zuma ya naɗa mata a yatsa, ya zare awon ya sa a gwangwanin shayi. Ya ce aikin ba na gaggawa ba ne. Ta ce ba komai, baɗi tana dawowa. Ta rubuta adires ɗinta a takarda ta miƙo mini.

To ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni rubutun littafi nake karantawa, wanda kowane harafi ke tsaye shi kaɗai kamar soja. Nata kuwa irin mai sarƙe da juna ne, kamar sawun maciji a yashi. Na ji kunyar Gumar ya ce in karanta masa in kasa. Sai na mayar mata da takardar, na gyara hula, na ce da Faransancina mai tsada ba sai da adires ba, madam, jirgi kamar kasuwa yake, duk mako yana ci. Ta yi dariya ta tafi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, na ɗaure kaina na haɗa da abokina.

Da shekara ta zagayo, jirgin bai dawo ba. Tsaro ya lalace, baƙi suka ɗauke ƙafa, otel-otel suka koma gidan tantabaru. Direbobi suka koma ɗaukar wasu irin fasinja, daga baya rabin gari ya kwashe zuwa Djado haƙar zinariya. Gumar ya gama zoben tun makon farko. Duk Asabar da hantsi sai ya rataya shi a jakar fata, ya je bakin shinge ya zauna har azahar. Mutane suka ce tsufa ne. Ranar da ciwo ya kwantar da shi, ya damƙa mini jakar da gwangwanin ya ce, "Kai ka iya yarensu. In ta sauko ka ba ta." Bai san ni na kore takardar ba. Ko kuwa ya sani, ya zaɓi hukuncin da ya dace da ni.

Tun daga nan, duk Asabar da hantsi nakan ji guduma. Maƙerar a rufe take, zugazugin ya bushe, ɓera ya ci rabinsa. Amma ina zaune a zaurena sai in ji ƙwan, ƙwan, ƙwan, sannan shiru, irin shirun da yake yi in ya ajiye ta yana sauraren sama. Ɗiyata ta ce hawan jini ne. Na yarda, likita ma ya yarda. Sai dai ban taɓa jin hawan jinin da ya san ranakun mako ba. Nakan ɗauki jakar in tafi shinge, don a zauna lafiya.

Daga can nake kallon zamanin da bai gani ba, ina tunanin abin da zai ce. Ƴan kasuwa suna tashi da safe su yi azahar a Yamai, tafiyar da mota ke karya wa mutum ƙugu. Wannan zai yaba. Masu zinariyar Djado suna wucewa da ƙananan jakunkuna a ƙirji, ba mai kallon azurfa. Zai ja tsaki ya ce ai ya faɗa. Abin da na gode Allah bai riska sosai ba shi ne jiragen da suka yi shekaru suna shawagi a kanmu babu kowa a ciki, ba direba ba fasinja. Mutumin da jirgi a wurinsa baƙo ne mai jin ƙishi, me zai yi da wanda ke zuwa ya dube ka ya koma?

Kakin nan kuwa ya ga bazara fiye da goma sha biyar a Agadas, inda takalmin roba ke laushi a ƙafa, bai ko lanƙwasa ba. Bana, a tsakiyar sanyi, wata Asabar na buɗe gwangwanin na tarar ya narke ya kwanta a gindi. Ranar ban ji guduma ba. Ban sake jin ta ba har yau. Malamin unguwarmu ya ce in bar camfi in yi wa mamata addu'a, kuma ina yi, har da mai zoben, wadda ban tabbatar ta rasu ba. Amma ku yarda da ni, shirun ya fi ƙarar nauyi. Kamar masu jira biyu sun sallami juna, sun bar ɗan aike da kaya a hannu.

Na sauke girman kai na kai wa ɗiyata zoben, don akwai irin rubutun nan a cikinsa. Sunaye biyu ne da ranar aure. Ba gari, ba unguwa.

Gumar bai bar gida ba, bai bar raƙumi ba, azurfarsa ta watsu a wuyan mutanen da ba su san sunansa ba. Abin da ya rage nasa shi ne kayan wani da ya ƙi ci, ya ƙi mantawa. Masu ilimi na cewa in jirgin baƙi ya dawo kasuwa za ta farfaɗo, kuma gaskiyarsu. Ni buƙatata ƙarama ce: kujera ɗaya. In akwai wanda kakarsa ta koma daga Agadas da zare a wuya babu zobe, ya hau ya zo. Zai gan ni a bakin shinge ranar Asabar. Ya ɗan yi sauri, don ba ni da wanda zan damƙa wa jakar, kuma na san wanda zai fara tambayata in na isa hannu wofi.