Shiga Ake Yi ko Hawa?

Ni ba bakanike ba ne, ban kuma taɓa yin dillanci ba, amma a unguwarmu a Malumfashi duk wanda ya sayar da waken suya ko masara har kuɗi suka fara yi mashi ƙaiƙayi a aljihu, ni yake nema in raka shi Funtua duba mota. Dalili kuwa, na iya kushe mota. Wallahi na iya. In na fara zagaya ta ina ƙwanƙwasa jikinta ina girgiza kai, sai ka ga dillali ya fara gumi tun ban buɗe baki ba.

A wata damina, masara ta kai gwiwa, wani aminina Alhaji mai sayar da taki ya same ni a ƙofar gida. Ya ce, "Malam, na ga wata mota cikin 'yan Kwatano a Funtua, ta shiga raina. Ƙofarta biyu, kanta kuma na tanti ne, ana naɗe shi ya koma baya."

Na ce, "Haba Alhaji! Kai da tumbin nan naka da babbar riga, me ya haɗa ka da motar samari?"

Ya ce, "Kai dai je ka gano mani. In ka kushe ta na haƙura."

Washegari da safe na shiga motar haya na tafi, da niyyar in yi mata kaca-kaca in dawo. Na tarar da su biyu a jere, iri ɗaya, ɗaya mai kan ƙarfe ɗaya mai tanti. Da yake dillalin ya san Alhaji farin sani, ya miƙo mani makullin mai tantin ya ce in tafi da ita in wuni, in dawo da ita gobe.

To, gaskiya dai sai an faɗe ta ko da ba ta yi mani daɗi ba: motar nan ta fi ƙarfin bakina. Na tayar da inji na kasa kunne, shiru, har na sake murɗa makulli ina zaton ba ta tashi ba. Kujerunta na fata ne masu faɗi, ka zauna sai ka ji bayanka ya yi maka godiya. Giya kuwa da kanta take sauyawa, ba fizga ba tari. Abin da ya fi kwantar mani da hankali, ƙanwa ce ga wata mota mai ƙofa huɗu da ta cika garuruwan nan. Injinsu ɗaya, ƙafafunsu ɗaya, kowane bakanike ya san cikinta, kayan gyara kuma ba sai an je Kano ba.

Amma fa na samu abin kushewa, kada a ce na yi zuwan banza. Ƙofofin nan biyu dogaye ne ga nauyi, in ka tsaya a matsatsi a kasuwa sai ka fita a karkace. Mai zama baya sai an kwantar mashi da kujerar gaba ya sunkuya ya ratsa, abin da babu dattijon da zai yarda a yi mashi a bainar jama'a. But ɗinta na zuba kaya kuwa, in an naɗe tanti, buhun masara ɗaya sai da lallashi. Cikinta kuma yana kusa da ƙasa. Mai son sayen irinta, ina ba shi shawara ya sa a buɗe tantin a rufe a gabansa har sai dillali ya gaji, ya duba ɗinki da robar gefe, ya kuma ɗaga shimfiɗar ƙasa ya shinshina. In ya ji warin damshi, ya yi sallama ya kama gabansa.

Na naɗe tantin na kamo hanyar gida. Ban kai Bakori ba iska ta yi awon gaba da hulata, sabuwa fil, na tsaya na bi ta da gudu cikin gonar wani, manoma suna ta dariya. Daga nan na danne ta a ƙarƙashin cinya. Iskar damina na bugun fuskata, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ko'ina, ni da na zo kushe na tsinci kaina ina murmushi ni kaɗai. Duk da haka na riga na yanke abin da zan faɗa wa Alhaji: mota ce mai kyau, amma ba ta mutanen ƙasar nan ba ce, inda mai mota ba ya wuce ɗan'uwa a bakin hanya bai rage mashi hanya ba.

Da na shigo gari sai na biya gidanmu in gaida Inna, mahaifiyata.

Inna tana da wata rantsuwa da kowa a danginmu ya sani. Tun ina saurayi, ta je biki Dayi, a hanyar dawowa bas ɗin da suka cika ta maƙil ta fara hayaƙi, ƙofa kuma ta ƙi buɗuwa. Allah ya kiyaye, ba wanda ya rasu, amma ta taga aka jawo Inna. Tana dira ƙasa ta ɗaga hannu ta ce wallahi tallahi ba ta ƙara shiga mota har ta koma ga Allah. Ba ta kuwa ƙara ba. Duk inda za ta, babur take hawa. Malamai sun sha gaya mata ta yi kaffara ta huta, addini ya ba ta dama. Ta ce ta ji ta gode, amma ita tunda take ba ta taɓa rantsuwa ta ci ba. Keke mai ƙafa uku da ya shigo muka yi murna, ta leƙa ta ce wannan ai mota ce da ba ta gama girma ba. Ni na san ba rantsuwar kaɗai ba ce, tsoron rufin nan a kanta bai taɓa barinta ba.

Sai ciwon ƙugu da gwiwa ya zo ya raba ta da babur. Bayan a-kori-kura kuwa ko kusa ba ta iya ɗaga ƙafa ta hau. Shi ke nan Inna ta zama ba ta zuwa ko'ina sai inda ƙafa ta kai ta. Ga shi 'yar'uwarta ɗaya tak ta rage mata a duniya, yayarta da ke wani ƙauye gaba da Gozaki. Mu ma Yaya muke ce mata, don haka muka taso muka ji Inna na faɗa. Yaya ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi, ba ta iya doguwar tafiya. Shekaru suka yi ta wucewa ba su haɗu ba, sai gaisuwa ta waya, ita ma rabinta "Iye? Me kika ce?" ne. A damanar nan kuma saƙo ya yi ta zuwa cewa jikin Yaya ya yi rauni, kullum tana tambayar ƙanwarta. Duk ranar da aka kawo irin wannan saƙo, Inna ba ta cin abincin kirki. Abin yana ci mani rai, na yi roƙon, na yi fushin, duk a banza.

Ina tsayawa a ƙofar gida, Inna ta leƙo daga zaure tana dogara sanda. Tana ganin motar ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Hatsari ka yi? Ina kan motar?"

Na ce, "Lafiya lau, Inna. Haka aka ƙera ta."

"Haka aka ƙera ta ba kai? Kuma mutum ya sa kuɗinsa ya saya?"

Kafin in gama bayani maƙwabciyarmu ta fito ta fara yi mani jaje, tana Allah ya kiyaye gaba. Na danna maɓalli tantin ya taso ya rufe, na sake dannawa ya naɗe ya koma. Maƙwabciya ta yi salati ta koma gida kiran mutane.

Inna ta fito daga zaure. Ta tako a hankali ta zagaya motar. Ta taɓa kujera, ta ɗaga kai ta dubi sama, ta miƙa sandarta ta kaɗa a inda rufi ya kamata ya kasance, ba ta taɓa komai ba. Sannan ta juyo, ba ta dube ni ba, ta yi tambaya kamar wadda ke tambayar kuɗin gishiri.

"Wai ita wannan, shiga ake yi ko hawa?"

Na gane inda ta dosa, na kuma san in na yi dariya ko na nuna zumuɗi, an gama. Na gyara fuska na ce, "Hawa ake yi, Inna. Kamar babur. Abin da ba shi da rufi ina za a shiga?"

"Amma ga ƙofa."

"Amalanken shanu ma ana sa mashi marfi a baya, kuma hawansa ake."

Ta juya maganar a ranta. Can ta ce, "Ni dai shiga na ce. Ban ce hawa ba. Allah ma ya san abin da na ce." Ta juya ta nufi cikin gida, tana cewa a ɗauko mata sabon mayafinta da ƙullin daddawar nan da ta ajiye.

Muna idar da sallar azahar muka kama hanya. Na tura kujerar gaba can baya, ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ɗaure mayafi tam a haɓa. Da farko ta riƙe ƙofa da hannu biyu tana ta addu'a. Muna fita gari ta saki hannu ɗaya. Kafin mu yi nisa ta fara yi mani sharhin gonakin mutane: wannan bai yi noma da wuri ba, wancan ya cika taki, wannan kuma raggo ne ko ba a faɗa ba. Duk wanda muka wuce sai ta ɗaga mashi hannu, wanda ta sani da wanda ba ta sani ba. Da muka sauka daga kwalta muka hau burji, motar ta riƙa haɗiye gargada a hankali, sau ɗaya kawai cikinta ya goga ƙasa a wani kwari. Inna ta ce, "Ka gaya wa Alhajin ya saya. Ba ta jijjiga ƙugu."

Mun wuce Gozaki kaɗan sai na ga gabas ta yi baƙi. Iska ta sauya, ta fara kwantar da masara. Na ƙara wuta, amma hadarin ya fi ni sauri. Ɗigon farko ya faɗo a kan gilashi, hannuna ya tafi wajen maɓallin da kansa.

Inna ta buge mani hannu. "Kada ka kuskura."

"Inna, ruwa ne fa. Motar ba tawa ba ce, ba ta Alhaji ba ce ma tukuna."

"In ka rufe na shiga. In rufewa za ka yi, tsaya ka sauke ni, in ƙarasa da ƙafa."

Na dube ta, na san da gaske take. Babu rumfa kusa, babu gida, sai gonaki. Na dubi kujerun fatar nan na mutane, na tuna yadda nake ce wa jama'a su gudu in sun ji warin damshi. Na ce a raina, Alhaji ka yi haƙuri, yau kai da dillalinka sai dai ku yi yadda za ku yi da ni. Na janye hannuna.

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na tuɓe rigata ta sama na yafa mata, cikin ɗan lokaci ita ma ta jiƙe sharkaf. Ruwa na shiga mani ido, ina tuƙi ina sharewa, ƙafafuna cikin ruwa tsundum, mai share gilashi kuwa yana ta aikinsa bilhaƙƙi kamar shi ne zai cece mu. Wasu manoma da suka fake a gindin mangwaro suka bi mu da kallo baki buɗe, ɗaya ya ɗaga murya ya ce, "Malam, ba ta da marfi ne?" Inna ta rungume ƙullin daddawarta a ciki, ta duƙa a kansa. Na ji kafaɗunta na rawa, na tsorata na ɗauka sanyi ne. Ashe dariya take. Alhaji dai daga baya ya sayi motar, bayan ta sha shanya a rana da turaren wuta, kuma har yau in muka haɗu sai ya ce ni ne mai duba motar da ke wanke ta ta ciki.

Muka isa ƙauyen ruwa bai tsagaita ba. Na tallafe Inna muka ratsa tsakar gida cikin taɓo, matan gidan suna ta salati da sannu. Yaya tana kwance a kan katifa a ɗakinta, ta rame har na ji ƙwalla ta taho mani. Inna ta tsaya a bakin ƙofa, ruwa na zuba daga mayafinta, ta yi sallama da wata ƙaramar murya da ban taɓa jin ta da ita ba.

Yaya ta ɗago kai. "Wa nake ji haka?"

"Ni ce, Yaya."

Tsohuwar ta yunƙura ta zauna, ta miƙo hannu biyu tana lalube. Inna ta durƙusa a gabanta duk da gwiwar nan. Yaya ta shafa fuskarta, ta shafa kanta, ta kamo mayafin ta matse, ruwa ya tsiyayo ta tsakanin yatsunta. Na zaci kuka za su yi. Sai na ga Yaya ta ɗaure fuska.

"Cikin ruwan nan kika taho? Ke dai yarinyar nan ba kya ji. Tun kina ƙarama haka kike, sai kin jawo wa kanki mura hankalinki zai kwanta. Matso nan!"

Ta ciro zanen da take lulluɓe da shi, ta cire wa Inna ɗankwali, ta shiga goge mata furfura da ƙarfi tana faɗa. Inna, mai jikoki da tattaɓa-kunne, wadda duk gidanmu ba mai ɗaga mata murya, ta sunkuyar da kai ta ce, "Yi haƙuri, Yaya."