Baitin da na tsallake

Shekarar da Baba ya rasu na rantse sai Mama ta bar gonar citta ta dawo wurina a Kafanchan. Har ɗaki na share mata, na sayi sabuwar katifa. Ni dai ba a ja da ni, duk gidanmu an sani. To, a wurin Mama na gado.

"Lafiyata ƙalau," in ji ta. "Wa ya ce miki na gaji?"

Ƙanwata ce ta raba mu. Tana aiki a sashen gashin ƙashi na wani asibiti, ta ce a daina gardama a gwada. Mama za ta jingina bayanta da bango, ta lanƙwasa gwiwa kamar mai zama a kujera, amma babu kujerar. In cinyoyinta suka riƙe ta, to za su iya yin kunya a gona da ɗaukar buhu. In ta zame, ta bi ni.

Muka je ƙauyenmu, bayan Kachia. Wayoyinmu duk sun mutu, an kwana biyu babu wuta. Ƙanwata ta ce a auna lokacin da waƙar zumuntar matan coci wadda Mama ke so, daga farko har ƙarshe, ni zan rera.

Mama ta ɗaure zane, ta jingina da bangon rumbu. Na fara waƙa da ƙarfi, ina jin nasara a hannuna. Kafin tsakiya ƙafafunta suka soma rawa. Gumi ya tsattsafo mata a goshi. Ba ni take kallo ba, idonta na can kan hanyar gona, wajen da muka binne Baba.

Na ji tsoron ta faɗi, kuma na fi jin tsoron in ci nasara. Sai na tsallake baiti guda, na yi maza na rufe da amin.

"Ke," Mama ta ce, haƙoranta a cije. "Kin bar na tsakiya. A coci haka ake yi?"

Ta ɗauko baitin da kanta, muryarta na karkarwa tare da gwiwoyinta, ta ja shi a hankali yadda suke ja ranar Lahadi. Ƙanwata ta matsa kusa, hannu a shirye, amma ba ta taɓa ta ba. Sai da Mama ta kai ƙarshe ta miƙe, ta ce a ba ta ruwa.

Har yau ina gode wa ƙanwata da ta hana mu ci gaba da faɗa da baki. Ina gode wa Allah da ya ba Mama damunan da suka biyo baya a gonarta, kusa da mijinta. Katifar nan kuwa, mako na zagayowa na ɗaure ta a saman bas, na kai mata ƙauye.