Ruwan da Ya Mutu a Fatakwal

Ranar Asabar na shiga shagon wani mutumin Ghana a East Greensboro, nan Amurka, zan sayi daddawa, sai ya buɗe kwalin bandar kifi a gabana. Ƙamshin ya buge ni har na manta abin da ya kawo ni.

Kada ka yi mamaki in na ce maka ni Bahaushiya ce amma a bakin teku na girma. Kakana ne ya fara sauka Fatakwal tun zamanin Turawa, a taragon shanu. Yakan ce a lokacin jirgin ƙasa ke kawo kwal da kuza da gyaɗa, jiragen ruwa na kwashewa, ga gangunan manja jere a tasha. Ya sayar da shanunsa, ya ƙi komawa. Babana kuwa da ya tashi sai ya kama sana'ar kifi, yana saye a ƙauyukan masunta yana aikawa Arewa cikin kwanduna.

In an yi hutu yakan tafi da ni a kwalekwale. Mukan ratsa tsakanin itatuwan nan da saiwoyinsu ke tsaye cikin ruwa kamar ƙafafu. In ruwa ya janye sai laka ta fito, ƙananan ƙaguwa su rufe ta, belbelu na binsu. Aku masu jar wutsiya na wucewa ta kanmu da surutu.

A can akwai wata tsohuwa mai banda, Mama muke ce mata. 'Ya'yanta ke kamun, ita ke bandar. Ba ta jin Hausa, Baba ba ya jin yarensu, da guntun Turanci da dariya suke ciniki tun kafin a haife ni. Takan gasa mini jatan lande ta miƙo a ganye. Ita ce ta taɓa nuna mini ayu, babbar dabbar nan ta ruwa. Hancinsa kawai ya fito, ya yi numfashi irin na saniya, ya nutse. Na ɗaga hannu zan nuna, ta kama yatsana ta mayar.

Ina aji shida bututun mai ya fashe a kusa da su. Da muka je, ruwan ya yi baƙi ƙirin, warinsa na sa hawaye. Kifaye sun juya ciki sama. Na ga belbela a laka tana son tashi, fukafukanta sun manne. Babu ƙaguwa ko ɗaya.

Mama ta fito da kwando kamar kullum. Baba ya ɗauki kifi guda ya karya, ya shinshina, ya ajiye a hankali.

"Mama, wannan warin kananzir yake yi."

"Na wanke shi, Alhaji. Da sabulu na wanke."

"Mutane ne za su ci."

Ta ce, "Mu da muke ci, ba mutane ba ne?"

Sai ta ɗauki rabin da ya karya ta sa a baki, tana taunawa tana kallonmu. Baba bai saya ba, muka koma gida.

Mutanen kamfanin mai na Turawa sun zo daga baya da buhunan shinkafa, suka ɗauki hotuna, suka tafi. Itatuwan suka bushe a tsaye. Damina biyu ba ta cika ba tari ya kashe Mama. Babban ɗanta ne ya faɗa mana, lokacin ya bar ƙauyen ya dawo birni yana acaɓa. Baba ya nemi wasu ƙauyukan, can ma haka. Mutumin da kifinsa ke zuwa har Kano ya ƙare da sayar da fetur a kwalba a bakin titi, abin da ya kashe masa sana'a shi ya koma ci da shi.

Har yanzu yana can Fatakwal, ya tsufa. In an shanya farar rigarsa da safe, kafin azahar baƙin hayaƙi ya sauka a kanta.

Bara da zafi na kai 'yata bakin teku a nan jihar. Muka tarar an kewaye wani ɗan wuri da igiya a kan yashi, wata dattijuwa Baturiya na zaune a kujera kusa da shi. Ta ce kunkurun teku ne ya yi ƙwai, ita da wasu suna karɓa-karɓa suna tsaro har a ƙyanƙyashe. Abin kirki ne, na sani. Amma sai na tuna Mama.

'Yata ta matsa da Turancinta sai an kira kakanta an ba shi labari. Na kira, tana faɗa ina fassarawa. Ya yi tari mai tsawo kafin ya samu magana.

"Ƙwan kunkuru?"

"E, Baba."



"Ashe," ya ce, "in sun so, sun san yadda ake tsare abu."