Saje Cleophus Bynum da Hannun da Ya Ƙi Kwanciya

Ni Hosea Tubbs, mai aski a Titin Kogi shekara sittin da ɗaya, ni na fara ganin abin da ke hannun Saje Bynum, kafin likita, kafin matarsa, kai, kafin shi kansa mai hannun. Ban taka ƙofar aji ba, amma 'yan sanda sun fasa mini kai da kulki sau biyu a 1965, kuma duk waɗanda suka riƙe kulkin nan da ƙafata na raka su makabarta. Saboda haka a natsu.

Haihuwa da Karatu

An haifi Cleophus Bynum ranar 9 ga watan Maris na shekarar 1948 a garin Pinkney Ferry na jihar Arkansas. Mahaifinsa Ezell Bynum direban motar ɗaukar auduga ne, mahaifiyarsa Odessa kuwa ita ke dafa abinci a makarantar baƙar fata, inda ya yi karatunsa daga 1954 zuwa 1966, malamai suka yi masa shaidar ladabi da ƙarancin magana. Ya yi aikin soja shekara biyu, Allah ya dawo da shi da dukan gaɓoɓinsa.

Aiki da Aure

A shekarar 1972 ya zama baƙar fata na uku da aka ɗauka aikin ɗan sanda a garin. Ranar da ya fara sa kaki, shagona ya fara shigowa.

Na ce, "To, ɗan Odessa, yanzu kai za ka riƙa fasa mana kai ke nan?"

Ya ce, "Naka ai ba sauran wuri, Hosea. Yi mini aski in tafi."

A watan Yuni na 1974 ya auri Vernice Oglesby, ma'aikaciyar jinya, suka haifi 'ya'ya uku. A 1983 aka ba shi igiyar saje, kuma har lokacin bai taɓa zare bindiga a kan kowa ba.

Ranar 14 ga Agusta, 1987

Da misalin ƙarfe uku na rana aka sanar ta rediyon motarsa cewa an yi fashi a wani kantin magani. A bayan tashar mota ya hango wani mutum yana sauri, sanye da rigar aiki mai aljihu a ƙirji. Wendell Gatlin ne, ɗan shekara ashirin da tara, mai guga a gidan wanki, kurma tun haihuwa. Saje ya daka masa tsawa sau uku daga baya bai waiwayo ba. Sai da ya ga inuwa kusa da shi sannan ya juya, ya ga bindiga, ya dunƙule hannun dama ya kai shi ƙirji yana zagayawa da shi. Saje ya harba sau biyu.

Ba a sami ko tsinke a jikin gawar Wendell ba. A rahoton da aka shigar aka rubuta cewa marigayin ya ƙi bin umarni, ya kai hannu cikin riga kamar mai zaro makami. Cikin kwana tara manyan ofis suka wanke Saje.

Hannun

A watan Satumba ya zo aski. Na yafa masa mayafi, na ɗauki almakashi, sai na ga mayafin yana motsi daidai ƙirjinsa, a hankali, zagaye bayan zagaye.

Na ce, "Saje, kyanwa ka shigo mini da ita?"

Ya ɗaga mayafin ya duba. Hannunsa na dama ne a dunƙule, yana zagaya ƙirjinsa. Ya zura masa ido kamar hannun wani, sannan ya kama shi da na hagu ya danne a cinya.

Ya ce, "Ƙwannafi ne. Vernice ta cika barkono."

Likitoci sun auna zuciyarsa a 1988 da 1994, suka ce lafiyarta ƙalau. Hannun bai daina ba. A coci yana yi, a teburin abinci yana yi, a bikin 'yarsa Althea ma duk hotunan haka suka fito. Rigunansa wuri guda suke fara ƙoɗewa, har Vernice ta saba yi musu maho daga ciki tun suna sababbi. Ya yi ritaya a 2002 da lambar yabo, aka rataya hotonsa a ofis. Vernice ta rasu a 2015, ba ta san abin da take ta ɗinkewa ba.

Muhawarar 2021

A wannan shekara garin ya rabu biyu a kan kafa kwamitin farar hula mai ikon buɗe duk fayil ɗin da ɗan sanda ya yi harbi. Wasu suka ce ɗan sanda ba zai zama alƙalin kansa ba, wasu suka ce za a ɗaure hannun masu tsaron gari. Kansiloli bakwai ne: uku nan, uku can, ɗaya yana rawar ƙafa. Ƙungiyar 'yan sanda ta ɗauko Saje domin ya yi magana a kan a yi watsi da shawarar.

Ranar 11 ga Mayu aka zauna. A gefen dandamali akwai Marvella Gatlin, ƙanwar Wendell, wadda take ji, kuma ita ce tafintar kurame a taron. Shekara talatin da huɗu tana aika wasiƙu a goge layin nan na zaro makami daga rahoton yayanta, ba amsa. Ita da Saje ba su taɓa tsayuwa a ɗaki guda ba.

Saje ya tashi da sandarsa ya fara, "Shekara talatin na yi a kaki, kuma duk abin da na yi bisa ƙa'ida..."

Hannayen Marvella suka tsaya cak. Ta ce, "Saje, wa ya koya maka wannan?"

"Wanne, 'yar'uwa?"

"Abin da hannunka yake faɗa."

"Ƙwannafi ne."

Ta ce, "A maganar hannu, wannan 'yi haƙuri' ne. Haka Wendell yake yi wa duk wanda ya yi masa magana bai ji ba."

Saje ya dubi hannun, hannun yana ta aikinsa. Ya ce, "Ashe ranar nan haƙuri Wendell yake ba ni." Ya juya ga magatakarda ya ce a rubuta: a kafa kwamitin, kuma fayil ɗinsa a fara buɗewa. Aka kaɗa ƙuri'a, huɗu da uku.

Ƙarshen Rayuwa

A watan Afrilu na 2022 aka goge layin, aka rubuta cewa an harbi Wendell Gatlin yana neman afuwa. Aka sauke hoton Saje daga bangon ofis, tsofaffin abokan aikinsa suka koma tsallaka titi in sun hango shi. Sau uku ya je ƙofar Marvella ba ta buɗe ba, kuma hannun bai tsaya ba.

A askinsa na ƙarshe ya ce mini, "An gyara takarda, Hosea. Abin da ban sani ba, Wendell ne yake magana da hannuna, ko ni ne?"

Rasuwa da Jana'iza

Ya rasu ranar 3 ga Fabrairu, 2023, yana da shekara saba'in da huɗu. Purvis Lyle mai shirya gawa, wanda nake yi wa aski tun yana da gashi, ya rantse mini cewa sau uku yana miƙe hannun a gefe, sau uku yana dawowa ya tarar da shi a dunƙule a ƙirji, har ya haƙura ya bar shi.

An binne shi ranar 11 ga wata a makabartar cocin Dutsen Zaitun. Ba kaki ko ɗaya a wurin. Kurame goma sha ɗaya ne suka zo, suka rera waƙar yabo da hannu, ba a jin komai sai motsin hannun riga. Marvella ta matsa bakin akwati ta daɗe tana magana da hannu. Ta tsaya tana kallon ciki, irin tsayuwar mai jiran amsa. Sai ta gyaɗa kai, ta ƙara kalma ɗaya, ta koma wurinta. Ni ne mafi kusa lokacin da za a rufe murfi, kuma hannun a buɗe yake, a miƙe a gefensa.

Ya bar 'ya'ya uku: Althea, malamar makaranta a Memphis, Dorsey, direban jirgin ƙasa, da Ezell ƙarami, makaniki, da jikoki bakwai.

Duk wanda ya ce tsufa ne ke sa ni surutu, Marvella tana nan da ranta a bayan gidan waya. Ya je ya tambaye ta me ta faɗa, kuma me aka amsa mata. Ni da aka fasa wa kai sau biyu ban iya tambaya ba. In ya dawo yana kan bakansa, kujerata tana nan: ya zauna, in ɗora masa aska a maƙogwaro, ya maimaita.